Yadda direba baƙo zai zauna lafiya da kamarar Sahir a Saudiyya

Watana na farko da kama tuƙi a Jidda, ina dawowa daga filin jirgi wajen ƙarfe 2 na dare, titi fayau ba kowa, sai na ga haske ya yi wal a madubi. Na leƙa sama, a zatona walƙiya ce, alhali ko alamar hadari babu. Bayan kwana biyu maigidana ya miƙo mini wayarsa bai ce uffan ba. Saƙo ne da Larabci: lambar mota, rana, sa'a, da riyal 300. Ranar na san Sahir.

Sahir, wadda suke rubutawa Saher da boko, tsarin kamarori ne na hukumar Murur, wato 'yan sandan hanya na Saudiyya. A Riyad aka fara kafa ta a 2010, daga nan ta bazu Jidda, Makka, Madina da manyan hanyoyin da ke haɗa garuruwa. Ma'anar sunan mai kwana ido biyu. Kunnen Bahaushe dai sihiri yake fara jiyowa, kuma wanda ta taɓa ɗauka a tsakiyar sahara, inda ba gida gaba ba gida baya, ba zai yi musu sosai ba.

Mu da muka taso inda jami'i ke tsayar da kai, ka fito ka gaishe shi, ka ce yallaɓai a yi haƙuri, sai mun sake hali. A nan babu wanda za ka ba haƙuri. Na'ura ce ke auna gudun motar, in ya haura ƙa'ida ta ɗauki hoton lambar, a duba sunan da ke kan motar, a rubuta mukalafa, wato laifin hanya da tararsa, a turo saƙo. Akwai wadda aka kafa dindindin a kan ƙarfe, akwai ɗan akwati da ake ajiyewa yau nan gobe can, bayan shingen titi ko gindin gada, akwai kuma wadda ke cikin mota a fake a gefen hanya. Iyakar abin da kake buƙatar sani game da aikinta ke nan. Sauran duk a hannunka yake. Na yi direban gida, na yi na kamfani, kuma duk yaron da ya zo daga Kano ko Maraɗi aka ce in nuna masa hanya, abin da nake zaunar da shi in faɗa masa shi ne zan rubuta a nan.

Abubuwan da za ka tanada

- Igama, wato katin izinin zama, mai rai, da ruksa, wato lasin tuƙi na Saudiyya.
- Asusun Absher, manhajar ayyukan gwamnatin Saudiyya, da sunanka, da layin waya wanda aka yi wa rajista da igamarka.
- Asusun banki mai manhaja a waya, ko aƙalla katin banki na Mada da za ka sa a sarrafa, wato na'urar ATM.
- Mariƙin waya da ake maƙalawa a gilashi ko a bakin na'urar sanyaya mota.
- Manhajar taswira mai nuna gudu, kamar Waze ko Google Maps.
- Istimara, wato takardar rajistar motar, da shaidar inshora.
- Ƙaramin littafi da biro a aljihun mota. Kada ka raina wannan, zan dawo kansa.

In ba ka buɗe asusun banki ba tukuna, wani amintacce zai iya biya maka daga nasa da lambar igamarka. In kuwa da bizar umara ko ta ziyara ka shigo ka yi hayar mota, lambar da aka ba ka a shigowa, wadda suke kira raƙam hudud, ita ce a madadin igama. Ka rubuta ta wani wuri ban da cikin fasfo.

1. Ka fara sanin da sunan wa motar ke tafiya

Kafin ka murɗa makulli, wannan ne aikin farko, kuma shi ne wanda sababbin zuwa suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Kamara ba ta san fuskarka ba, lambar mota ta sani. Mukalafa tana faɗawa kan mai motar, sai fa in ya yi wa wani tafwidi, wato ya shigar da sunansa a Absher a matsayin mai tuƙa ta. Da zarar kafili, wato maigidan da kake aiki ƙarƙashinsa, ya yi maka tafwidi ka amsa daga naka asusun, duk abin da motar nan ta jawo a tsawon lokacin, kan igamarka yake sauka, ko kai ke tuƙi ko ɗan maigida ne ya ɗauki makulli bayan ka kwanta.

Ni wannan ya taɓa ci na. Na bar aiki a wani gida lafiya lau, muka yi sallama har da kyautar turare. Ban bi ta kan tafwidin ba. Bayan wata biyu ina shirin zuwa gida bikin ƙanwata, sai ga mukalafa uku a kaina, duka da tsakar dare, a unguwar da rabona da ita tun ranar da na kwashe kayana. Babban ɗan gidan ne. Uban ya biya daga baya, Allah ya saka masa, amma sai da na yi kwana huɗu ina sintiri ƙofar gidansa kamar mai neman bashi.

Saboda haka:

Ka tambayi kafili tun ranar farko, cikin ladabi, ko motar tana da tafwidi da sunanka. In akwai, ka duba ranar farawa da ranar ƙarewa. Ka kuma tambaye shi wa zai riƙa biyan tara. Yawanci amsar ita ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, kuma ba laifi, amma a faɗe ta tun da wuri. Akwai uwargidan da za ta makara ta ce maka yalla yalla, ka taka, in saƙo ya zo a cire a albashinka. Gara ka ce mata tun a lokacin, mama, akwai Sahir a gaba. Kalmar nan tana kwantar da hankalin kowa a ƙasar nan.

In mota ɗaya kuke tuƙawa ku biyu ko uku, a nan littafin nan ke aiki. Duk wanda ya karɓi makulli ya rubuta rana da sa'a, in ya dawo ya sake rubutawa. Ranar da ka bar aiki ko ka mayar da motar haya, kada ka bar wurin sai ka ga an soke tafwidin a wayarka. A wurin haya ka karɓi takardar da ke nuna sa'ar da ka mayar.

2. Ka tabbata saƙo zai same ka

Saƙon mukalafa yana zuwa ne kan layin da ke cikin Absher ɗinka. Da yawanmu wani ɗan'uwa ne ya buɗe mana asusun da layinsa ranar da muka iso, ko kuma mun canza layi mun manta. Sai tara ta yi ta kwana ba ka sani ba, wa'adin ƙorafi ya wuce, rangwame ya wuce. Ka je ɗaya daga cikin na'urorin Absher da ake ajiyewa a manyan kantuna da ofisoshin Jawazat, wato hukumar fasfo, ka ɗora yatsa, ka sa layinka na yanzu. Aikin minti kaɗan ne. Lambar sirrin da ake turo maka in za ka shiga kuwa, ko kafili bai kamata ya san ta ba, balle wanda ya kira ka a waya ya ce daga hukuma yake.

3. Ka auna malejinka

Ba kowane maleji ke faɗin gaskiya ba. Yawancin motoci suna nuna gudu ɗan sama da na ainihi, allura na kan 100 alhali 96 ko 97 kake yi, kuma wannan alheri ne gare ka. Matsalar tana tasowa ne in an canza tayoyi an sa waɗanda suka fi na asali girma, abin da samarin gidajen Larabawa ke so ƙwarai a kan manyan motocinsu. A nan sai lissafi ya juye, allura ta nuna ƙasa da abin da kake yi.

Ka samu miƙaƙƙiyar hanya lokacin da ba cunkoso, ka ɗauki wani a gefe. Ka tsayar da allura a kan 60 na ɗan lokaci, shi ya karanta maka abin da manhajar taswira ke nunawa. Ka maimaita a 80, a 100, a 120. Ka rubuta bambancin. In ba ka samu abokin tafiya ba, ka kafa wayar a mariƙinta daidai inda idonka zai kai ba tare da ka sunkuya ba. Duk ranar da aka kai motar banshar, wato wurin faci, aka canza taya, ka sake wannan awon.

4. Ka koyi karanta allo da idonka

Allon gudu da'ira ce fara mai jan baki. Wasu da lambobin boko, wasu da na Larabci, wasu da duka biyun. Wanda ya yi makarantar allo ko islamiyya ba shi da damuwa, amma na ga ɗan boko ya sha wuya a nan. Shidan Larabci, ٦, kama take da bakwai ta boko. Biyar, ٥, kamar sifili take, sifilin kansa kuma ɗigo ne kawai. Bakwai ٧ bakinta sama, takwas ٨ bakinta ƙasa. Mutum ya ga ٦٠ ya ɗauka 70 ne, ya ƙara ɗan abin da ya saba ƙarawa, shi ke nan ya shiga hannu.

A manyan hanyoyi allo yakan zo da hoton ƙaramar mota, bas da babbar mota, kowacce da nata. Tun 2018 aka ɗaga wasu hanyoyi, irin ta Makka zuwa Madina da ta Riyad zuwa Ɗa'if, zuwa 140 ga ƙananan motoci, amma bas 100 ne, babbar mota 80. In motar ɗaukar ma'aikata ko alhazai kake ja, ka duba istimara ka ga a wane aji aka rubuta ta, kada ka bi ƙananan motoci a guje.

Ga yadda tarar gudu take a hanyar da iyakarta 120 ne ko ƙasa da haka:

- ka haura da fiye da 10 zuwa 20: riyal 150 zuwa 300
- fiye da 20 zuwa 30: riyal 300 zuwa 500
- fiye da 30 zuwa 40: riyal 800 zuwa 1,000
- fiye da 40 zuwa 50: riyal 1,200 zuwa 1,500
- fiye da 50: riyal 1,500 zuwa 2,000

A hanyar 140 kuwa sararin ya fi ƙunci. Da ka haura da fiye da 5 ka shiga matakin farko, in ka haura da fiye da 30 ka kai na ƙarshe. Wannan ne ke kama waɗanda suka saba da cewa ai akwai rarar 10, sai su ɗora allura kan 150 a hanyar Madina suna ta nishaɗi.

Ita rarar 10 ɗin ma, ni ba na shawartar kowa ya mai da ita abin hawa. An bar ta ne saboda kuskuren maleji da ɗan zamewar ƙafa. In ka cinye ta da gangan, ba ka bar wa kuskure komai ba.

5. A kan hanya

Da yawa suna zaton dabarar ita ce haddace wuraren kamara. Za ka ji ana ba sabon zuwa karatu a majalisa: akwai ɗaya bayan gadar kaza, akwai ɗaya gaban gidan man kaza. Ka saurara, ba laifi, amma ka sani ta tafi-da-gidanka ba ta da mazauni. Manhajar taswira ma takan yi maka ƙara in ka kusanci wadda mutane suka ba da labarinta, ba ta san wadda aka ajiye da asubar yau ba. Haka nan iyakar gudun da take nunawa wani lokaci tsohuwa ce. In allo da waya suka saɓa, allo ne mai gaskiya.

Wuraren da na ga sun fi cin mutane su ne inda gudu ke sauka ba zato: shigowa gari daga babbar hanya, inda 120 ke komawa 100 sannan 80 cikin ɗan taƙi, wurin da ake gyaran titi, kusa da shingen bincike, saukowa daga gadar sama da shiga hanyar ƙarƙashin ƙasa, inda gangara ke ƙara wa mota gudu ƙafarka ba ta motsa ba. Sai kuma sauka daga babban titi zuwa ƙaramin da ke gefensa, wanda iyakarsa ta yi ƙasa sosai alhali jikinka bai gama sauka daga gudun baya ba. Bayan awa uku kana 130, in ka dawo 80 ji za ka yi kamar tafiyar ƙasa kake. Kada ka yarda da jikinka a nan, dubi allura.

In motarka tana da abin riƙe gudu, wanda suke kira musabbit, ka yi amfani da shi a doguwar hanya. Ka ɗora shi daidai kan abin da allo ya ce, ko ƙasa da 2 ko 3, ka huta. Abu biyu za ka kiyaye: a gangara mai tsawo wasu motocin suna zarce abin da ka sa, sannan musabbit ba ya karanta allo, in iyaka ta sauka kai za ka sauke shi. Kuma in barci ya fara fizgarka a hanyar Madina, kashe shi ka nemi wurin hutawa. In babu musabbit, ka koma layin tsakiya ko na dama ka sami motar da ke tafiya daidai ƙa'ida, ka bar tazara mai kyau, ka bi ta kana duba naka malejin.

Layin hagu kuwa, ka sha gaban wanda za ka sha ka fita. Za ka ga wani ya manne maka a baya yana watsa maka fitila kamar zai hau kanka. Sabon direba sai ya tsorata ya taka totur don ya ba shi wuri, kamara ta ɗauke su su biyu. Kada ka ƙara gudu. Sa sigina, jira sarari, koma dama, bar shi ya wuce da rabonsa.

Akwai wata ɗabi'a da na tsana, ita ce mutum ya sharara gudu, in ya hango akwati ya take birki da ƙarfi, ya wuce, ya sake takawa. Na ga karo fiye da ɗaya da wannan ya jawo, na baya ya zo ya daki na gaba. In ka ga motocin gabanka sun kunna fitilun gargaɗi huɗu sun rage gudu lokaci guda, sau da yawa kamara suka gani, amma yana iya zama hatsari ne ko raƙumi a kan titi. Ɗaga ƙafa a hankali ko wanne ne.

Ga wani lissafi da nake yi wa yara. A ce tafiyar kilomita 70 ce, kwatankwacin Jidda zuwa Makka, allo ya ce 120. In ka bi ƙa'ida minti 35 ne. In ka yi 145, minti 29. Minti 6 ka ci, tarar kuma aƙalla riyal 300, wato kowane minti riyal 50. Ka auna da albashinka na yini guda.

Lambar mota kuma ka bar ta a fili, ka riƙa goge ta in ta yi ƙura. Masu manna mata leda ko tisu, ko su lanƙwasa ta, laifin da suke ɗauka ya fi na gudun nauyi nesa ba kusa ba, tarar dubban riyal ce, kuma baƙo bai da kafaɗar ɗaukar irin wannan rigima.

6. Ba gudu kaɗai take kallo ba

Tarar da ta fi karya direba ita ce ta danja: riyal 3,000 zuwa 6,000, albashin wata biyu na wasunmu. In fitila ta koma ruwan ɗorawa kana nesa, tsaya, ko na baya zai fasa maka kunne da oda. Ka tsaya bayan farin layi, kada tayar gaba ta hau inda masu ƙafa ke tsallakawa. Kwanar dama a kan jar fitila ana yinta inda ba a kafa alamar hani ba, amma sai kana layin dama, ka tsaya cak tukuna, ka duba, sannan ka karya a hankali. Masu silalewa ba tare da sun tsaya ba su ne ke kuka daga baya.

Tun 2018 kamarorin suka fara kama waya da bel. Riƙe waya a hannu kana tuƙi riyal 500 zuwa 900 ne, rashin ɗaura bel 150 zuwa 300. Ka sa wurin da za ka a taswira tun kana fake. In uwargida ta kira kana tafiya, ko ka amsa ta lasifikar mota ko ta jira. Akwai kuma masu lura da layi, wato ka tsallaka farin layi miƙaƙƙe wanda ba a yanka ba, ko ka zo daga layin miƙewa ka kutsa cikin masu kwana. Daga Oktoban 2023 har inshora na'ura ke dubawa da kanta, saboda haka in ta kusa ƙarewa ka tuna wa mai motar.

7. In haske ya yi wal

Kada ka taka birki, aikin gama ya gama. Kada kuma ka ɗauka lallai kai ne, wataƙila na gefenka aka ɗauka. Haka nan rashin ganin haske ba shaida ba ce, musamman da rana. In ka isa inda za ka, ɗauko littafi ka rubuta rana, sa'a, sunan titi, abin da allura ke nunawa da wanda ke cikin motar.

Saƙo yakan zo cikin sa'o'i, wani lokaci sai bayan kwanaki. Ko bai zo ba, ka shiga Absher, ɓangaren Murur, wurin duba mukalafa. Ni duk Juma'a bayan sallah nake dubawa, ya zame mini jiki. In ka ga akwai, buɗe ta ka karanta a natse: lambar mukalafar, irin laifin, gari, rana da sa'a, sannan ka duba hoton. Ka lura da kwanan wata, don sau da yawa na Hijira ne, kada ka lissafa wa'adinka da watan Turawa ka yi asara. Ka gwada da abin da ke littafinka. Ka dubi lambar da ke hoton harafi bayan harafi, haruffa uku ne da lambobi, ka kuma dubi launin motar da ƙirarta.

8. In ba kai ba ne, yi ƙorafi

Suna kiransa i'itiradi, kuma kwana 30 gare ka daga ranar da aka rubuta mukalafar. A cikin Absher ake yi, ba sai ka je ofis ba. Ka zaɓi mukalafar, ka zaɓi dalili, ka rubuta bayani gajere da Larabci. In Larabcinka bai kai ba, nemi ɗalibi cikin 'yan'uwanmu da ke karatu a nan ya rubuta maka, jimla biyu ko uku sun isa.

Dalili shi ne motar da ke hoton ba taka ba ce, ko an rubuta laifi ɗaya sau biyu a lokaci guda, ko lokacin ka riga ka mayar da motar, ko jami'i ne ya ba ka hannu ka wuce alhali danja na ja. Ban ga allo ba, ina sauri zan kai maigida filin jirgi, wallahi talaka ne ni, waɗannan ba dalilai ba ne a wurinsu. Kada kuma ka mai da ƙorafi caca, ka riƙa jefawa kan kowace mukalafa ko Allah zai sa a dace. An ƙayyade yawan wanda za a ƙi maka a shekara, in ka cinye su a banza, ranar da kake da gaskiya sai ka tarar ƙofa a rufe. Amsar tana zuwa ta saƙo.

9. In kai ne, biya da wuri

Tsofaffin direbobi za su ba ka labarin zamanin da tara ke hayewa zuwa ƙarshenta in ta wuce wata guda. Tsarin da ake kai tun Afrilun 2024 shi ne, bayan kwana 30 na ƙorafi kana da ƙarin kwana 15 na biya. In ka biya cikin kwanakin nan 45 ana rage maka kashi 25 cikin 100: riyal 300 ta koma 225, riyal 800 ta koma 600. In albashi bai shigo ba, kafin wa'adin ya cika ka nemi ƙarin lokaci na kwana 90 ta Absher. In ka yi biris har komai ya wuce, doka ta ba su damar cirewa kai tsaye daga asusunka na banki. Akwai laifukan da rangwamen bai shafa ba.

Yadda ake biya: buɗe manhajar bankinka, shiga SADAD, wato sashen biyan kuɗaɗe, zaɓi biyan kuɗin gwamnati, sannan mukalafar Murur. Zai tambaye ka ko da lambar igama ko da lambar mukalafa. In ka sa ta igama zai kawo duk abin da ake binka a dunƙule. In kuɗinka bai kai ba, ko akwai wadda kake ƙorafi a kanta, yi amfani da lambar mukalafa ka biya ɗaya bayan ɗaya, ka fara da wadda wa'adinta ya fi kusa. A sarrafa ma matakan ke nan. Ka ajiye rasit, ka koma Absher washegari ka tabbata ta fita. In kafili ne ya ce zai biya ya cire a albashi, ka roƙe shi ya biya cikin wa'adin, ya kuma cire abin da ya biya ɗin, ba cikakkiyar tarar ba.

Hattara da mutum biyu. Na farko mai turo saƙo da wurin latsawa, wai ka shiga ka biya tara ko ka yi rajistar rangwame. Rangwamen ba ya buƙatar rajista, da kansa yake fitowa a wurin biya. Na biyu wanda zai ce ka ba shi rabin kuɗin zai share maka duka. Sau da yawa da katin sata suke biya, in asiri ya tonu kuwa sunanka ne a rubuce, shi ya daɗe da canza layi.

10. Kafin tafiya gida

Ba a fafe gora ranar tafiya. Bizar fita da dawowa, huruj wa auda, ba ta fita in ana binka tarar hanya, haka ma ta fita gaba ɗaya, huruj niha'i, wadda ita har sai an ga babu mota da sunanka. Sabunta ruksa da istimara ma sukan tsaya saboda ita. Saura wata guda tafiyarka ka duba Absher, ka biya abin da ke akwai, sannan a nemi biza, sannan ka yanki tikiti. Makon ƙarshe ka sake dubawa, don wadda aka ɗauka jiya tana iya fitowa jibi. Ranar da za ka miƙa makulli, tsaya a gaban mai motar har ya soke tafwidin, ka ɗauki hoton malejin da na fuskar wayarka mai nuna an soke, ka rubuta sa'ar a littafinka, ka sa littafin cikin jakar hannu.